Gaisuwar da Ta Rataye a Kan Ɗorawa

"To, ku matso, amma ku bar min wurin miƙe ƙafa. Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta."

Wani gari ne can nesa, inda rana take jan ƙafa kafin ta faɗi. Garin yana da Sarki, Sarkin yana da 'ya'ya maza biyu, sunan babban Jatau. Kyau kam Allah ya ba shi. In ya hau doki ya ratsa kasuwa, mai awon gero sai ta manta inda ta tsaya, ta juye ta sake daga farko.

Jatau ba ya duka, ba ya zagi, ba ya ƙwace kayan kowa. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi. Ba ya amsa gaisuwa.

Ku ji inda ya samo wannan hali. Tun yana ƙarami yake zama a gefen ubansa a fada. Talaka ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, Sarki ba ya buɗe baki, fadawa ne suke amsawa: "Sarki ya gaishe ka. An gaishe ka." Yaro ya duba, ya duba, sai ya ɗauka girma shi ne a gaishe ka ka yi shiru. Bai lura ba cewa gaisuwar da ake yi wa ubansa ba ta taɓa faɗuwa ƙasa, akwai masu cafe ta. Da ya girma sai ya riƙa yawo shi kaɗai a kan dokinsa, ba bafade a gaba, ba bafade a baya, yana shirun sarauta a inda babu mai amsa masa. Wauta ce tsagwaronta, amma wa zai kama kunnen ɗan Sarki?

Ku kuna tsammani gaisuwar da ba a amsa ba ɓacewa take yi? Ba ta ɓacewa. Takan tsaya a iska ta yi ta dube-dube, in ta ga ba mai karɓarta sai ta haura ganuwa. A bayan garin akwai wata ɗorawa, tsohuwa tukuf. Nan gaisuwar take zuwa ta kama reshe, ta zama jan furen nan mai kama da tuntun hula. Ta manomi ta zo ta rataye. Ta mai itace ta zo ta rataye. Ta mai ɗaukar ruwa ta zo ta rataye. Bishiya ta yi jawur, rassa suka sunkuya, rani da damina furen ba ya kaɗewa. In iska ta taso sai ka ji suna waƙa ƙasa-ƙasa:

Sannu ta fita, ba ta koma ba,
Tana lilo a kan ɗorawa,
Mai ita na jira, mai ita na jira.

A cikin ɗorawar akwai wata tsohuwar aljana, ita ce mai gidan. Nauyin furen ya ishe ta, bayanta ya ƙage. Rannan cikin bazara ta ce bari ta je ta ga yaron nan da idonta.

Ta zama tsohuwa mai sanda, ta tare shi a ƙofar gari. Ta ce, "Sannu da fitowa, jikana." Jatau ya wuce.

Ta tare shi a bakin rijiya. Ta ce, "Sannu da rana, jikana." Jatau ya wuce.

Ta tare shi a gindin ɗorawa. Ta ce, "Sannu da hanya, jikana." Ya zo zai wuce, sai doki ya toge, ƙafafunsa suka kafe a ƙasa.

Tsohuwa ta ce, "Ɗaga kanka ka duba sama. Duk wannan ja da kake gani kayanka ne, ni kuwa nake dakonsu. Na gaji. Daga yau kai ma ka yi sallama ka ji yadda take. Ba mai ganinka, ba mai jinka. Ka sauke min su, ka kai wa kowa tasa, ka amsa masa da bakinka. In ruwan farko ya sauka da sauran ko guda ɗaya, zai wanke ka daga duniya yadda yake wanke zanen da yara suka yi a ƙasa."

Wannan ma bai amsa mata ba. Ya zaburi doki ya koma gida.

A ƙofar fada ya ga dogari ya kama linzami yana waige-waige, yana cewa, "Dokin Yarima ya dawo ba Yarima." Jatau ya ce, "Kai, ba ka gani na ne?" Dogari ya ja doki ya wuce da shi.

Ya shiga wajen ubansa. Ya tsaya a gabansa, ya yi magana, ya ɗaga murya. Sarki yana kallon bango ta cikin ƙirjinsa.

Ya shiga ɗakin uwarsa. Nan ne fa ya yi sallama, sallama ta sosai, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Uwar tana tsinke zogale a faifai. Ya ce, "Inna." Ya sake cewa, "Inna, ni ne." Ta ɗago kai kaɗan, ta ce wa baiwarta, "Sauke labulen nan, iska tana shigowa." Jatau ya zauna a bakin gadonta ya yi kuka, hawayen ma ba su jiƙa shimfiɗa ba.

Aka nema, aka nema. Aka duba rijiyoyi, aka duba daji. Aka gaji aka zauna makoki, shi kuwa yana tsaye a tsakiyar masu yi wa ubansa ta'aziyyarsa. Kullum jikinsa ƙara sauƙi yake, har ya zama in guguwa ta taso sai ta kwashe shi tare da ƙaiƙayi ta ajiye a wata unguwa. Ya gai da mai kitso, shiru. Ya gai da mai jaki, shiru. Ya gai da jakin ma, shiru.

Wata rana iska ta jingine shi da wani tsohon bango, ya ga ƙadangare yana shan hantsi. Don ba shi da sauran wanda zai gaisar, ya ce, "Sannu, ƙadangare."

Ƙadangare ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa. Ya ce, "Yawwa, sannu kadai. Ni duk wanda ya wuce ina amsa masa, ko ya gaishe ni ko bai gaishe ni ba, don kada a samu kuskure. Kai ne ɗan Sarkin da ya ɓata?"

Jatau ya ce, "Ni ne. An ce in kai wa mutane amsar gaisuwarsu, ga shi ba mai ji na."

Ƙadangare ya ce, "Mutum ɗaya ce za ta ji ka a garin nan. Bi hancinka zuwa ƙarshen gari, inda wari ya fi ƙarfi. Gidan Yalwa mai daddawa ke nan."

Jatau ya ɓata fuska. Ƙadangare ya ce, "Au, har yanzu da sauran hancin? To zauna ka jira hadari."

Bai zauna ba, ya tafi.

Yalwa marainiya ce, ita kaɗai a gidan da uwarta ta bar mata, da tukunyar dafa kalwa, da turmi, da kwanduna. Kowa a garin yana son daddawarta a miyarsa, amma ba mai son zama a tabarmarta. In ta shiga gida talla, daga bakin ƙofa ake miƙo hannu. Samari kuwa in sun hango ta sai su tsallaka hanya. Saboda ba mai zuwa gidanta, kunnenta kullum yana bakin ƙofa. Asabari ya motsa, ta ce, "Maraba." Kaza ta taka busasshen ganye, ta ce, "Shigo mana." Maƙwabta suna cewa ta taɓu. Ba ta taɓu ba, kaɗaici ne.

Jatau ya tsaya a ƙofar, wari ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Salamu alaikum."

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, bawan Allah."

Ya durƙushe a ƙofar yana maimaita sallamar, tana amsawa, yana maimaitawa, tana amsawa, har ta fito da muciya a hannu ta duba dama ta duba hagu.

Ta ce, "Ina jin murya kamar motsin ganyen dawa, amma ban ga kowa ba. Mutum ko aljan?"

Ya ce, "Mutum ne. Jatau ne, ɗan Sarki." Ya kwashe labari duka ya gaya mata.

Yalwa ta tsaya cak da muciyar a hannu. Tukunya ta tafaso ta zubo a wuta ba ta waiga ba. Can ta ce, "Ka ci abinci?"

Ta zuba tuwo ta ajiye, ta ga loma tana tashi ita kaɗai tana ɓacewa. Miyar kuka ce da daddawa, ba nama. Ya sha ta har da suɗe kwano.

Da ya gama ta ce, "Ni ba gidan da ba na shiga a garin nan. Ka ciro furen, ka zuba a kwandona. In mun je, kai ka faɗa, ni in ɗaga murya in maimaita. Ubanka yana da fadawa, kai ga taka bafadiyar, sai dai ka yi haƙuri da ƙamshinta."

Haka suka fara. Da safe iska ta ɗaga shi ta ɗora a kan ɗorawa, ya tsinko fure. Kowane fure in ya kara a kunne sai ya ji muryar mai shi, da ranar da aka yi gaisuwar, da abin da yake cikin zuciyar mai yin ta. Ashe wani da murna ya gaishe shi. Wani da tsoro. Wata don kawai ta ga ya yi kyau a kan doki, ta so ya sani.

Suka je maƙera wajen Bawa maƙeri. Yalwa ta ajiye kwando ta ce, "Baba Bawa, Jatau ɗan Sarki ya ce yawwa, sannu kadai, yaya aiki."

Bawa ya ajiye guduma ya ce, "Wane Jatau? Wanda aka yi wa sadakar bakwai?"

"Shi. Ga shi nan tsaye kusa da gawayinka."

Bawa ya ce, "Sai yanzu? To in da gaske yake ya zauna ya zuga min wuta, yaron nawa ya gudu."

Sai ga zugazugai suna hawa suna sauka ba hannu a kansu. Wuni guda Jatau yana zuga. Da la'asar Bawa ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Na karɓa, ɗan nan. Aiki da godiya." Furen da yake cikin kwando ya narke ya bi iska. A hanyar komawa Jatau ya yi tari, wata mata ta waiga. Muryarsa ta dawo.

Suka je wajen wata makauniya mai kaɗi, sunanta Tabawa. Ita ba ta san ma ba a ganinsa ba, a wajenta kowa murya ne. Ya durƙusa ya ce, "Yawwa, Iya, sannu kadai." Ta ce, "Kai ne mai dokin nan mai ƙararrawa? Ni da na ji shiru na ɗauka kurma ne, har addu'a nake yi maka." Ta miƙo hannu tana lalube, sai hannunta ya sauka a kan nasa. Yalwa ta duba ta ga hannaye biyu a iska, duk sun yi kanta saboda zuga wuta, ɗaya ya fashe.

Da suka koma gida ta shafa musu man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Ɗaurin kuwa ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya kamata.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe talla da amsa gaisuwa, da rana aikin daddawa. Ya koyi surfa kalwa a turmi. Ya koyi wanke ta a rafi. Ya koyi rufe ta da ganye a bar ta ta kwana ta kwana har ta nuna. In zafi ya yi zafi su zauna a inuwar zana, tana mulmula daddawa, yana jera mata a tabarma, tana ba shi labarin kowane gida a garin da ubansa yake mulki. Takan yi masa tsiya ta ce, "Yarima, an gaishe ka, miƙo min ludayi." Yakan yi dariya. Warin nan da ya sa shi hawaye, yanzu in ya shaƙe shi daga nesa sai ya ji zuciyarsa ta kwanta, ya san ya kusa gida. Ya so ta. Ita ma ta so shi, tun ba shi da fuska.

Suka je wani gida inda akwai wata 'yar yarinya da ake kira mara kunya, don ba ta gai da kowa. An yi faɗa, an yi duka, ta ƙi. Jatau ya kara furenta a kunne ya ji 'yar murya tana rawa. Ashe ranar da uwarta ta koya mata gaisuwa, da gudu ta fita ta gwada a kan mutum na farko da ta gani, shi kuwa ya wuce. Ta ɗauka ita ce ba ta iya ba.

Ya zauna a ƙasa daidai tsayinta ya ce, "Lafiya lau na kwana, 'yar ƙanwata. Kin iya gaisuwa, tun ranar kin iya. Ni ne ban iya amsawa ba."

Yarinya ta sa yatsa a baki ta daɗe tana kallon inda muryar take fitowa. Can ta ce, "Ina kwana?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Ina kwana?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ƙyalƙyale da dariya ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ga shi nan." Fuskarsa ta dawo, jikinsa ya dawo. Inuwarsa ce kawai ba ta dawo ba.

Ɗorawa ta miƙe, ta yi kore. Saura fure ɗaya can ƙololuwa. Yanzu Jatau ya yi nauyi, iska ba ta ɗaukarsa, sai da ya hau da hannu da ƙafa yana kurjewa. Ya tsinko, ya kara a kunne.

Muryar Yalwa ce, tana haki, tana kuka. "Sannu, ranka ya daɗe, don Allah tsaya. Innata ce ba lafiya. Mai magani yana ƙetaren rafi, ƙafata ba za ta kai ba. Ranka ya daɗe, tsaya."

Sai ya tuna. Ya tuna wata yarinya da ta fito da gudu ba ɗankwali ta durƙusa a hanya. Ya tuna ya ja bakin rawani ya toshe hanci, ya kauce mata da doki. Uwarta ba ta kai yamma ba. Yalwa ta san shi tun ranar da ya faɗi sunansa a ƙofarta, ta sani sarai, ta zuba masa tuwo.

Kunya ta kama shi. Ya sa furen a aljihu ya sauko. Ya nufi gidanta, ya tsaya. Ya sake nufa, ya sake tsayawa. Da wane baki? Yana nan tsaye sai ga dogarai, labari ya kai fada cewa an ga Yarima. Suka rungume shi, suka ɗora shi a doki. Ni dai na ce da ya ce musu su dakata. Bai ce ba. Ya bar su suka tafi da shi, don guduwa ta fi masa sauƙi a kan haɗa ido da ita.

Aka yi murna, uwarsa ta suma ta farfaɗo. Aka wanke shi da sabulu, aka turara shi, aka ƙone rigar da ya zo da ita don wai tana wari. Furen dai ya ɓoye shi a sabuwar riga. Sarki ya ce, "Wa ya dawo min da kai?" Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ikon Allah ne." Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Ya koma zama a gefen ubansa. Furen kullum ƙara nauyi yake, har kafaɗarsa ta karkace. Ya ga ƙadangare a bangon fada ya ce masa sannu, ƙadangare ya kau da kai. Gabas kuwa ta fara haɗa gira.

Rannan da la'asar fada ta cika. Hadari ya taso baƙi ƙirin, iska mai ƙamshin ƙasa ta fara kaɗa rigunan mutane. Sai ga Yalwa da kwando a ka. Ta ga hadarin ne daga gidanta, ta san na wane ne furen da ya rage, ta san kuma abin da ruwan zai yi. Ta ajiye fushinta ta tako har fada, wurin da ba ta taɓa zuwa ba. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ranka ya daɗe, Yarima, barka da yamma."

Fadawa suka cafe, "Yarima ya gaishe ki. An gaishe ki. Ɗauki kwandonki, yarinya, kin cika mana fada da wari."

Ta ɗan jira. Jatau yana zaune, bakinsa ya yi nauyi, idon gari duka yana wurin. Ta ɗauki kwando ta juya. Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunsa, ya ga wurin ya yi fari, yana hango tabarma ta cikinsa.

Ba tsoron ɓacewa ne ya tashe shi ba. Bayanta ya gani tana tafiya ita kaɗai, kamar waccan ranar. Ya miƙe. Ya tuɓe takalma. Ya ratsa fadawa ya sha gabanta, ya tsuguna a ƙasa, ɗan Sarki a gaban mai daddawa, ya fito da furen a tafin hannunsa.

Ya ce, "Yawwa, sannu, Yalwa. Na tsaya. Na makara, amma na tsaya."

Yalwa ta dube shi ta ce, "Inna ba ta jira ka ba."

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Ba zan ce maka ba komai ba, don akwai komai. Kullum na ɗora tukunyarta a wuta sai na tuna."

Ya ce, "Kada ki ce. Ni dai na zo in amsa ne. In kin ƙi karɓa, hakkinki ne, ba zan tashi daga nan ba har ruwan ya zo."

Ɗigo ya ƙaru. Kafaɗarsa ta fara dushewa, gefen fuskarsa ya fara dushewa. Yalwa tana tsaye hawaye yana bin kumatunta. Ta sauke kwando. Ta tsuguna ita ma, ta rufe hannunsa da nata biyu, da furen a tsakiya.

Ta ce, "Na ji ka. Na karɓa."

Sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka ruga rumfa, su biyu suna tsugune a fili. Ruwa ya dake shi, ya dake shi, bai wanke komai ba sai turaren da aka shafa masa. Ya jiƙe sharkaf yana rawar sanyi kamar kowane ɗan Adam, yana dariya yana kuka.

Da ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo, inuwar Jatau ta bayyana a ƙasa, sai Sarki ya yi magana da bakinsa, ba ta bakin kowa ba. Ya ce, "Jatau, ka san abin da ka yi? Wanda ya tsuguna wa mai daddawa a gaban fada, rawanin gidan nan ba zai zauna a kansa ba."

Jatau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ka tambaye ni wa ya dawo da ni, na ɓoye maka rabi. Ga ta nan. Ita nake so, in za ta yarda."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Sarauta ta ƙaninka ce. Amma na zauna makokinka sau ɗaya, ba zan sake ba. A kai goro gidan yarinyar nan."

Yalwa ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a bari tukuna in gama aikin kalwar bana. In ya iya jira, to."

Ya jira. Da kaka aka ɗaura aure, Bawa maƙeri ne waliyyinta. Jatau ya tare a ƙarshen gari, ya yi gona, ya yi turmi na biyu. Wasu suka ce ya faɗi, wasu suka ce ya tashi, shi dai bai tsaya sauraronsu ba. Suka haifi 'ya'ya, suka ga jikoki.

Abu ɗaya ne Yalwa ba ta bari ba har suka tsufa. In ya dawo daga gona ya yi sallama a ƙofa, ba ta amsawa nan take. Sai ta yi shiru kaɗan, kamar numfashi ɗaya. A cikin ɗan shirun nan tsoho Jatau yakan tsaya cak da fartanya a kafaɗa, gabansa yana faɗuwa. Sannan ya ji daga ciki an ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, bawan Allah." Bai taɓa ce mata ta daina ba.

To kun ji. Duk wanda ya gaishe ku, ku amsa masa da bakinku, ko mai doki ne ko mai kwando, don ba ku san abin da ya ɗauko a cikin sannun tasa ba. Wanda kuma ya yi laifi, kada kunya ta hana shi komawa ya tsuguna.

Ƙurunƙus. Na sauke ta a nan, a kan ɓera ba a kaina ba. In kun tsinci ƙarya a ciki ta gizo ce, aro ya ba ni. Ku tashi ku kwanta, kuma in na ce muku sai da safe, ina so in ji amsa.